Sauka Kafin a Kai Tasha

Ga wata dabara da matafiya ke yi a Amurka. Tikitin jirgin sama zuwa New York mai yada zango a Charlotte kan fi na Charlotte arha, sai mutum ya saya, ya sulale a Charlotte. A 2023 wani matashi ya gwada, American Airlines ta soke tikitinsa, ta haramta masa jiragenta shekara 3.

Ko ba a gano ka ba, akwatin da aka auna maka ya wuce New York, kana tsaye kana zare ido. Tikitin dawowa kuma ya mutu. In hadari ya taso aka bi da ku ta wani gari, Charlotte ɗin ma ba ka gan ta ba. Kafin ka biya, karanta sharuɗɗan tikitin.