Yadda Ya Kamata a Jarraba Yara a Kan Ninki, Saiwa da Rubutun Manyan Lambobi



Da yawa daga cikinmu, kafin mu bar wannan jami'a ko bayan mun bar ta, za mu tsaya gaban allo a ƙaramar sakandare, mu koyar, mu kuma tsara jarrabawa. Saboda haka na ga ya dace mu tattauna yadda ake auna fahimtar yaro a kan darussa uku na lissafi: ninka lamba da kanta, neman saiwar lamba, da kuma gajeren rubutun manyan lambobi irin na masana kimiyya. Waɗannan uku su ne ƙofar kimiyya. Yaron da ya wuce su bai gane ba, zai tarar da su suna jiransa a darasin sinadarai da na fiziya.

Da farko, ya kamata mu tuna cewa alamomin nan ba su zo wa ɗan Adam da sauƙi ba. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi ya yi bayaninsa, kuma kalmar da ya yi amfani da ita ita ce jazr, wato saiwa. Alamar saiwa ta fito a bugu ne a 1525, a littafin Christoff Rudolff. Ɗora ƙaramar lamba a kafaɗar babba kuwa, kamar 2³, littafin René Descartes na 1637 ne ya yaɗa shi. Abin da ya ci wa masana ɗaruruwan shekaru, shi muke so yaro ɗan shekara goma sha uku ya haɗiye cikin makonni kaɗan. To, adalci shi ne mu yi masa awo da ma'auni na gaskiya.

Sharaɗi na farko shi ne tambaya ta iya tona kuskure. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ɗauka 2³ yana nufin biyu sau uku, ya rubuta 6, alhali amsar 8 ce. Idan malami ya tambayi 2², mai fahimta zai ce 4, mai wancan kuskure ma zai ce 4, duka su ci maki, malam ya tafi gida da farin ciki. Haka nan saiwar 4. Akwai yaran da suka ɗauka neman saiwa raba lamba biyu ne, kuma rabin 4 da saiwar 4 duka 2 ne. Amma a tambaye su saiwar 36, nan take mai cewa 18 zai rabu da mai cewa 6. Ashe zaɓen lamba ɗaya tak yana iya mai da tambaya madubi, ko ya mai da ita labule.

Sharaɗi na biyu ya shafi tambayoyin canki-canka. Amsoshin ƙarya da ake jerawa kada su zama na cika wuri. Kowace ta tsaya a madadin wani sanannen kuskure. Misali, a tambayar 2⁻³, a sa −8, da −6, da ɗaya bisa shida, da amsar gaskiya, wato ɗaya bisa takwas. Wanda ya zaɓi −8 ya iya ninki, alamar ɗebewa ce ta ruɗe shi. Wanda ya zaɓi ɗaya bisa shida ya gane alamar, ninkin ne bai zauna masa ba. Maganin wannan daban, na wancan daban. Haka za a yi da 5⁰, wanda yara ke cewa sifiri alhali 1 ne, da saiwar jimlar 9 da 16, wadda suke cewa 7 alhali 5 ce.

Sharaɗi na uku, a fitar da yaro daga hadda. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Yaro yana iya haddace cewa ana matsar da ɗigo ne a ƙirga gurabe, ya mai da 150,000,000 zuwa 1.5 × 10⁸, ba tare da ya san girman abin da ya rubuta ba. A gaya masa wannan shi ne kimanin nisan rana daga duniya a kilomita, kuma haske yana cin kimanin kilomita 3 × 10⁵ a daƙiƙa guda. Daƙiƙa nawa hasken rana zai yi kafin ya iso mu? Amsar 500 ce, wato minti 8 da daƙiƙa 20. Ko a ce gona mai kusurwa huɗu daidai wa daida tana da faɗin murabba'in mita 2,500, mita nawa na shinge za ta ci? Dole ya nemi saiwa ya sami 50, sannan ya ninka sau huɗu ya sami 200. Ko kuma a tambaye shi, tsakanin 9 × 10⁻⁵ da 2 × 10⁻³ wanne ya fi girma, kuma don me? Wannan "don me" ta fi tambayoyi goma na hadda daraja.

Sharaɗi na huɗu yana wurin gyaran takarda. Yaron da ya rubuta 45 × 10³ a maimakon 4.5 × 10⁴ bai ɓata ƙimar lambar ba, ƙa'idar rubutun ce ya saɓa, domin lambar farko dole ta kasance daga 1 zuwa ƙasa da 10. Zalunci ne a ba shi sifiri daidai da wanda bai rubuta kome ba. A ware maki ga hanya, a ware ga amsa. A kuma lura da harshe, domin da Turanci ake yi wa yaranmu tambaya, kuma sau da yawa jimlar ce ke kayar da yaro tun bai kai ga lissafin ba. Gajerun jimloli su ne haƙƙinsa.

Daga ƙarshe, Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta jaddada a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, kada a jira ƙarshen shekara. A wannan fanni, tambayoyi biyar zaɓaɓɓu a ƙarshen kowane mako sun isa su nuna wa malami inda ɓaraka take tun ana iya ɗinke ta. Ina roƙonku, 'yan'uwa, duk wanda zai rubuta tambaya, ya fara tambayar kansa: in yaro ya faɗi wannan, me zan koya game da tunaninsa? In babu amsa, a sake tambayar.