Idan Wanda Ya Buge Ka Ba Shi Da Inshora, Wa Zai Biya?



An nemi in yi tsokaci a kan inshorar mota, ni kuwa na zaɓi ɓangaren da ya fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya, wato haɗari da direban da ba shi da inshora, ko wanda tasa ba ta kai ta kawo ba.

Tun da jimawa doka ta wajabta wa mai mota a Nijeriya yankar ƙaramar inshora, wadda ke biyan ɓarnar da ya yi wa wani. A lura, wani na ce. Wannan takarda ba ta gyara motar mai ita ko da fitila guda. Saboda haka idan aka buge ka, inshorar wanda ya buge ka ce abin dogaronka. In ba shi da ita, ko kuma ta jabu ce irin wadda 'yan kamasho ke bugawa a bakin ofisoshin lasin, to sai kotu ko sulhu. Mun kuwa san yadda sulhun ke ƙarewa: dattawa su taru, a ba da haƙuri, mai gaskiya ya kwashi motarsa zuwa wajen bakanike da kuɗin aljihunsa. Yafiya abin yabo ce, amma ta wanda ya ga ba yadda zai yi daban take.

Ko takardar ta gaskiya ce, tana da iyaka. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida naira 15,000 daga 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Jama'a, duk wanda ya taya mota 'yar Kwatano ya san inda miliyan 3 ke tsayawa. Abin da ya haura, sai ka bi direban da kanka.

Cikakkiyar inshora ce ke toshe wannan kafa, domin kamfaninka zai gyara maka, sannan shi ya bi mai laifin. Hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato naira 500,000 a shekara ga motar miliyan 10. Da tsada, ban musa ba. Masu ƙyamar inshora saboda addini kuma, akwai kamfanonin takaful masu lasin.

Kafin ku yanka, ku tambayi nawa za a bar muku ku biya daga kowane gyara. Bayan kun yanka, ku duba lambar motarku a rumbun NIID ta intanet don tabbatar da takardar. Ranar haɗari kuwa, a ɗauki hoto, a nemi rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani kafin a zauna sulhu da kowa.