Jawabi A Kan Fararen Ƙwayoyin Jini Da Cibiyar Jariri

Iyayen ƙasa, da ku malamai magatakarda, maganar da na kawo muku yau ta cibiyar jariri ce, amma tushenta yana cikin jini.

A jinin ɗan Adam akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma farare, su ne dakarun jiki. Mafi yawan fararen nan, waɗanda likitoci ke kira niyutirofil, cikin ɓargo ake yin su, suna ɗaukar wajen mako biyu kafin su ƙosa. Ɓargon babban mutum yana fitar da kimanin biliyan 100 ko wace rana.

Dakaren da ke gudu cikin jini ba shi da amfani sai ya iya tsayawa a inda ciwo yake. Saboda haka kowanne yana da waɗansu sinadaran furotin a bayansa masu kama da ƙugiya, da su yake maƙale wa bangon jijiya, sa'an nan ya ratsa ya cim ma ƙwayar cuta. Ba da ƙugiyoyin nan ya fara ba, a hankali yake samunsu yana girma. Umurnin ƙera su yana rubuce cikin ƙwayoyin gado, watau kundin da mutum ya gada daga uwa da uba. Akwai wani furotin, PU.1, aikinsa kamar na magatakarda ne, shi ke buɗe shafin da ya kamata a lokacin da ya kamata, har a ƙera ƙugiyar da ake kira CD11b da abokiyarta CD18. Wani maƙali kuma da ke riƙe ɗanyen dakare cikin ɓargo sai ya saki, dakaren ya fita aiki.

Idan shafin CD18 ya zo da ɓaraka daga uwa da uba duka biyu, dakarun za su cika jini fal, amma ba mai iya tsayawa. A shekarar 1979 likitoci a Ingila suka ba da labarin jarirai masu wannan hali, alamar farko kuwa ita ce cibiya ta ƙi faɗuwa. Dalili, fararen ƙwayoyin ne ke taimakon yanke ta. Cutar ba ta da yawa, ana ƙiyasta wajen ɗaya cikin miliyan, amma ta fi samuwa inda ake yawan auren zumunci, gama idan iyaye biyu suna ɗauke da ita, ko wane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu. Mai tsanani daga cikinta tana kashe yaro tun yana ƙarami in ba a kula ba, dashen ɓargo kuwa yana warkar da ita.

To, ga abin da muke roƙo ku isar wa dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar wa ungozomomi. Cibiya takan faɗi cikin mako ɗaya ko biyu. In ta wuce mako uku, ba lalle cutar nan ce ba, amma a kai yaro asibiti. In kuwa gindinta ya yi ja ya kumbura, babu mugunya, ko yaro yana yawan zazzaɓi da gyambon da ba ya warkewa, kada a kwana. Kada a ja ta da ƙarfi, kada a shafa toka ko man goge baki. A gaya wa likita ko iyaye 'yan uwan juna ne, da ko an taɓa rasa jariri ta wannan hanya.

Mutanen Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ba su da nisa, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a kan Titin Zariya kusa da su, inda ake ƙidaya ƙwayoyin jini. Na nesa su fara da asibitin da ke gundumarsu, a ba su takarda.

Iyakar jawabina ke nan.