Idan Garkuwar Jiki Ta Wuce Gona da Iri: Jawabi Kan Cutar Gubar Jini

Yau zan yi muku bayani kan ciwon da likitoci ke kira sefsis, wato gubar jini.

Bari in fara da abin da kuka sani. Idan ɓarawo ya shiga kasuwa, wanda ya fara ganinsa yakan yi ihu, 'yan gadi su rugo su kama shi, sannan sarkin kasuwa ya ce kowa ya koma rumfarsa. Haka Allah ya tsara jikin ɗan Adam. Da zarar ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini sukan saki wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokayin. Su ne masu ihun. Suna buɗe hanyoyin jini domin mayaƙan jiki su iso da sauri, shi ya sa wurin rauni ke kumbura, ya yi ja, ya yi zafi. Wasu kuma suna kai saƙo ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki, shi ne zazzaɓi. Akwai kuma waɗanda aikinsu irin na sarkin kasuwa ne, su ce ya isa haka, faɗa ya ƙare.

To, amma ku ɗauka ihun ya game kasuwa duka, babu mai tsawatawa. Sai turereniya ta kaure, a tattake yara, a karya rumfuna, ɓarnar ta fi abin da ɓarawon zai ɗauka. Wannan shi ne sefsis. Saitokayin sun cika jini, hanyoyin jini sun saki suna yoyo, ƙarfin bugun jini ya faɗi, jini ya daina isa ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Daga nan sai gaɓoɓin su fara gazawa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2017 kusan mutum miliyan 49 ne suka kamu da sefsis, miliyan 11 suka rasu, wato kimanin mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka mutu a duniya a shekarar. Mafarinsa kuwa ciwon da muka saba gani ne: ciwon huhu, gudawa, zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, miki, ko cutar da ke shiga mai jego bayan haihuwa.

Na taɓa karɓar wani dattijo mai sayar da hatsi da ƙusa ta soke shi a ƙafa. Ya ɗaure da tsumma, ya sayi ƙwaya wajen mai tallan magani, ya ce sai kasuwa ta ci ta tashi. Kwana huɗu bayan haka aka kawo mana shi a amalanke, bai gane ɗansa ba. Mun tura shi babban asibiti, Allah ya yi da sauran kwanansa, amma abin da aka kashe ya cinye ribar kaka guda.

Saboda haka ku riƙe waɗannan alamomi ga duk mai ciwo ko rauni: zazzaɓi mai tsanani da rawar ɗari, ko jiki ya yi sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, zuciya na bugawa da sauri, ruɗewa, sambatu ko barcin da ba a iya tayar da mutum, wuni guda babu fitsari. Ga jariri: ƙin kama nono, yin laƙwas, jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. Ga mai jego: zazzaɓi, ciwon mara, da jini mai wari.

Idan kun ga ko da ɗaya daga ciki, kada ku jira wayewar gari, kada ku jira maigida ya dawo daga Jibiya ko Maraɗi, Illela ko Ƙonni. Maza, ku bar izini da kuɗin mota a gida kafin ku yi tafiya. Ku nufi wurin lafiya mafi kusa, ko ana kiransa asibiti ko gidan likita, ko a wane ɓangaren iyaka yake. Can ne ake yin allurar kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin ruwa, da iskar oksijin, kuma kowace sa'a da aka ɓata tana rage damar tsira. Ku faɗa wa ma'aikaci duk maganin da aka riga aka sha.

Rigakafi kuwa ya fi magani. A wanke rauni da ruwa mai tsabta da sabulu. A haihu a hannun ƙwararru. Kada a sa toka, kashin shanu ko man goge baki a cibiyar jariri. A kammala allurar rigakafin yara, a kwana cikin gidan sauro, kuma a shanye maganin da likita ya rubuta har ƙarshe.

Kasuwa za ta sake ci mako mai zuwa, rai kuwa guda ne. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a nemanmu.