AMSAR WASIƘUNKU: A Bar Kifi Ya Yi Ƙwai

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani masunci a Gwaram. Yana cewa Sarkin Ruwansu ya hana su zuba taru a farkon damina, alhali kuwa lokacin ne kifi ya fi sauƙin kamu. Shin wannan ba zalunci ba ne?

To malam, mun gode da wasiƙa. Amma gaskiya ɗaya ce, Sarkin Ruwa bai zalunce ku ba.

Da zarar kogin Bunga ya kawo sabon ruwa ya malala cikin fadamu, tarwaɗa kan bi shi ta shiga ciyawa don ta zuba ƙwai. Shi ya sa take kamuwa ko da hannu. Ƙarfasa kuwa a bakinta take riƙe ƙwanta har ya ƙyanƙyashe. Wanda ya kama uwa guda a wannan lokaci, dubban 'ya'ya ya kashe. Kai manomi, kana dafa irin shukarka ka cinye?

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka akwai wani kifi mai zane a jiki da kan baro teku ya hau koguna ya yi ƙwai. Masu fatsa kan ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya su yaudare shi, da yawansu kuma in sun kama sai su sake shi. Da ya kusa ƙarewa, jihar Maryland ta hana kama shi ɗungum a 1985, ba a sake buɗewa ba sai 1990. Nan gida ma, ai ba a taɓa ruwan Matan Fada na Argungu sai ranar biki.

Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 kuma ta haramta zuba guba irin su Gamalin, da amfani da raga mai ido ƙasa da inci uku.

Saboda haka ku yi haƙuri har ruwa ya fara janyewa da kaka. Ku kuma 'yan kasuwar Birnin Kudu, in an kawo muku kifi mai cikin ƙwai ko 'yan mitsi-mitsi, kada ku saya. In babu mai saye, babu mai kamawa.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.