Jawabi ga Masu Koyon Zanen Furanni



Duk mai son koyon zanen fure da fentin ruwa, kada ya tsaya kwaikwayon hotunan littattafan Turawa. Ya shiga Birnin Zazzau, ya ƙura wa bado ido a kududdufi, ko furen kuɓewa a bayan gida. Manufar ƙungiyar ɗalibai masu zane da su Uche Okeke suka kafa a Zariya a 1958 ke nan: a ari dabarar baƙo, a zana abin gida.

Ku fara da launi mai haske, ya bushe, sa'an nan ku ɗora mai duhu. Farin fure kuwa, takardar ce da kanta. In kun shafe shi, ba ya dawowa.

Allah ya ba da sa'a.