Wiwi: Magani, Laifi, Ko Hajar Kasuwa?



An nemi in yi magana a kan muhawarar da ake yi a ƙasashen duniya game da sakin tabar wiwi daga ƙangin doka. Wanda duk ya saurari masu wannan gardama zai lura tambayoyi uku ne suke cuɗawa wuri ɗaya. Ta farko, shin akwai magani a jikin wannan ganye? Ta biyu, wanda aka kama yana sha, kurkuku ya dace da shi? Ta uku, a buɗe masa kasuwa ne a riƙa sayarwa kamar sigari? Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, to balle uku. Saboda haka zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da batun magani. A shekarar 1964 masani Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tace sinadarin da ke bugar da mai shan wiwi, watau THC. Akwai kuma wani, CBD, wanda ba ya sa maye. A 1985 Amurka ta amince da maganin dronabinol, wanda THC ne na haɗi, domin tsai da aman masu jinyar ciwon daji. A 2018 ta amince da Epidiolex, ruwan CBD, domin waɗansu nau'o'i biyu na farfaɗiyar yara masu wuyar magani. A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi ta jefa ƙuri'a, ƙasashe 27 suka rinjayi 25, aka cire wiwi daga jerin abubuwa mafiya haɗari na yarjejeniyar 1961, amma aka bar shi cikin waɗanda dole a tsare. Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi.

Ashe ke nan akwai magani, musun wannan ɓata baki ne. Amma magani yana da ma'auni, da likitan da ya rubuta, da cutar da aka nufa. Allurar mofin daga tsiron da ake samun hodar heroin take fitowa, ga ta kuwa a asibitoci ana rage wa majinyata raɗaɗi da ita, ba wanda ya ce don haka a baza ta a teburin mai shayi. Malamanmu ma, da suka yi ittifaƙi a kan haramcin abin da ke gusar da hankali, sun san hukuncin larura dabam yake. Nadin da saurayi ke zuƙa a bayan tasha ba shi da ma'auni, ba shi da likita.

Tambaya ta biyu ta hukunci ce, a nan kuwa muna da namu tarihin. A 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, da shekara 10 ga mai sha. A 1975 aka sassauta ta. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Duk da haka binciken da aka yi a 2018, da hannun Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabata, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Ina kurkukun da zai ɗauki mutum miliyan 10? Masu neman sassauci suna da hujja a nan. Yaron da aka ɗaure saboda ƙulli ɗaya yakan fito ya rasa makaranta da aiki, ya kuma koyo sana'ar manyan ɓarayi. Daɗin daɗawa, sandar doka ba ta sauka daidai a kan kowa. Wani rahoto na 2013 ya nuna ana kama baƙar fatar Amurka kusan ninki huɗu na farare saboda wiwi, alhali yawan shansu kusan ɗaya ne. A nan gida kun fi ni sanin ɗan wa ke kwana a caji ofis, ɗan wa kuma ake sakinsa kafin la'asar. Ƙasar Fotugal ta bi wata hanya tun 2001: wanda aka kama da ɗan abin da bai wuce na kwana 10 ba, gaban wani kwamiti ake kai shi a duba ko yana bukatar jinya, dillali kuwa yana nan a matsayin mai laifi.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi, domin a nan kuɗi yake. Jihar Kalifoniya ta yarda da wiwi don magani a 1996, a 2016 ta yarda da shi don nishaɗi. Kolorado da Washinton sun riga ta a 2012. Yurugwai ta halatta a 2013, amma gwamnati ta riƙe linzami: sai ka yi rajista, ba ka kuma wuce giram 40 a wata. Kanada ta buɗe kantuna a 2018. Jamus a 2024 ta yarda baligi ya riƙe giram 25 ya shuka tushe uku, ta hana kantuna. Tailan ta saki a 2022, kantuna suka cika gari, a 2025 ta komo ta ce sai da takardar likita. Kun ga kalmar halattawa ɗaya ce, amma kowace ƙasa da abin da take nufi da ita.

Ɗan kasuwa, ko na sigari ko na giya, ribarsa tana wurin wanda ya kamu yake saye kullum. Kayan kuma ƙara ƙarfi suke yi: THC ɗin wiwin da aka kama a Amurka ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kashi 12 a 2014. Likitoci sun ƙiyasta mutum ɗaya cikin goma masu sha yakan kasa bari, ɗaya cikin shida idan tun yana ɗan yaro ya fara. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a biranen Turai da Barazil, ya sami masu sha kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kimanin sau uku, idan mai ƙarfin ne kuwa kusan sau biyar.

A Afirka akasari ta ƙofar noma da kuɗin waje maganar ta shigo. Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Ghana ta yarda da irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. A Nijeriya marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya je Tailan a 2019 ya komo yana kiran a yarda da noman don magani. Kafin mu amsa, mu tuna da kodin. Maganin tari ne halattacce, mai rajista, amma ya sulale daga kantin magani ya shiga ɗakunan 'yan mata da matan aure a Kano da Jigawa, har gwamnati ta hana shi a 2018. Ƙasar da kwalbar maganin tari ta gagare ta tsarewa, sai ta yi tunani sau biyu kafin ta ce za ta tsare gona.

Ga inda na tsaya. Maganin da aka gwada aka auna, a bar likita ya rubuta shi, a kulle shi yadda ake kulle mofin. Mai sha a kai shi wurin jinya, a tanadi kurkuku domin mai noma da dillali. Kasuwa kuwa a bar ta a rufe, domin likitocin ƙwaƙwalwarmu 'yan ɗaruruwa ne ga jama'a sama da miliyan 200.

Ku da ke zaune a nan, gobe waɗansunku ne za su zama alƙalai, da likitoci, da sakatarorin ma'aikatu masu tsara daftarin doka. Ranar da aka ajiye muku takarda an rubuta magani a samanta, ku karanta har ƙasa, ku tambaya wa zai noma, wa zai sayar, wa zai saya, wa kuma zai yi jinyar wanda ya kamu.